Wane antibayros na kyauta kuke amfani da shi a kwamfutar gida?

Baban Yara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Laptop ce guda ɗaya a gidan, ni da uwargida da yara duk ita muke hawa. Ta zo da wani antibayros na gwaji, yanzu wa'adinsa ya cika, kullum na kunna sai ya tare ni da jan rubutu wai ina cikin haɗari in biya kuɗi. Ni kuwa ba biya zan yi ba. Don Allah wanda ya yi amfani da na kyauta ya ba mu labarin yadda suka kwashe, abin da ya faru da mutum nake so ba talla ba.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Wa alaikumus salam Malam. Wace Windows ce a kai? In 10 ce ko 11 to ai kana da shi a ciki tuntuni, Microsoft Defender, shi na gwajin ne ya danne shi. Ka shiga Settings ka cire na gwajin gaba ɗaya, ka kashe ka kunna, Defender zai tashi da kansa. Ni shekara kusan biyar ban ɗora komai a tawa ba sai shi. Da can an raina shi kuma da gaskiyar mutane, amma yanzu duk wanda ke bin gwajin da AV-TEST ta Jamus da AV-Comparatives ta Ostiriya suke yi ya san yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da na kuɗin. Sharaɗinsa ɗaya, ka bar shi ya riƙa ɗaukar ofdet, don masu kashe ofdet saboda tsoron cin data su ne rabin masu kawo min gyara.

Uwar Biyu:
Hmm ni dai nawa darasin a kan haɗa biyu ne. Tsoro ya sa na ɗora guda biyu na kyauta lokaci ɗaya, a tunanina tsaro ya ƙaru, ashe sarki biyu na naɗa a gari ɗaya. Wannan ya ce wancan bayros ne, wancan ya kulle fayil ɗin wannan, fanka na ta ihu kamar za ta tashi sama, kafin Word ya buɗe sai na je na dawo. Ƙanina ne ya zo ya cire ɗaya, wallahi kamar an sauke mata kaya. Kuma abin haushi ɗayan tun wajen ɗorawa ya cusa min wata burauza da ban nema ba, don ni Next Next kawai nake ta dannawa ban karanta ba.

Ɗalibin Dare:
Anti ai wannan Next Next ɗin duk ya ci mu 😂 Ni filashi ce ta ja min, na kai ta wajen firintin aiki na dawo na tarar duk foldodina sun koma shotkat, aikin wata uku, na ɗauka shi ke nan. Ashe ɓoye su aka yi ba gogewa ba. Malwarebytes na kyauta na sa ya tsince ƙazantar, sannan na buɗe ɓoyayyun fayiloli na kwashe abina. Sai dai a sani, na kyautarsa ba mai gadi ba ne, sai ka kira shi ya yi sikanin, tsaron kullum ɗin na 'yan kwanakin gwaji ne. Shi ya sa ba ya faɗa da Defender, tare nake riƙe su.

Malamin Lissafi:
Ni abin da nake so a duba shi ne da me kamfanin ke cin abinci tunda ba ka biya shi ba. A 2020 aka bankaɗo cewa kamfanin antibayros na Avast na sayar da bayanan shafukan da mutane ke shiga ta wani reshensa mai suna Jumpshot, suka rufe reshen, a 2024 hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye ta Amurka ta ci su tarar dala miliyan 16.5. Kuma masu cewa za su gudu su koma antibayros na AVG, ai Avast ta saye shi tun 2016, yanzu su biyun da Avira da Norton duk gida ɗaya suke, Gen Digital. Ban ce ba sa kama bayros ba fa, suna kamawa sosai, ni ma na yi amfani da irinsu shekaru ba abin da ya same ni. In mutum zai ɗora dai ya shiga saitin sirri ya kashe duk abin da ya shafi raba bayanai. A tsohuwar kwamfutar mahaifina Bitdefender na kyauta na sa, don shi ba ya son abin da zai riƙa yi masa tambayoyi.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Malam ya tuna min, mai Windows 10 ya sani Microsoft ta daina tallafa mata na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 7 kuwa tun Janairun 2020. Antibayros ba ya toshe ɓarakar da ke jikin Windows ɗin kanta. Sannan tunda akwai yara, ka buɗe musu nasu akawun wanda ba na admin ba, wato marar cikakken iko a kan kwamfutar, don gem ɗin da aka fasa, wato na kuɗi da ake saukewa a sace, su ne babbar ƙofa, har rubuta maka suke yi wai ka kashe antibayros kafin ka ɗora, yaro kuma kashewa zai yi.

Baban Yara:
Allah ya saka da alheri. 11 ce, na cire na gwajin, Defender ya tashi duk ya nuna kore. Sikanin farko ya kamo abu biyu a foldar Downloads, duka gem ne, na tambayi babban ɗana ya ce shi bai san zancen ba. Yanzu ta ina ake buɗe akawun ɗin yaran?