Daga ina ruwan sama yake shigowa ɗakin mahaifiyarmu?

Ɗan Aboabo, Kumasi:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin gini da rufi game da wani yoyo da ya dame mu a gidanmu na gado da ke Aboabo. Gidan tsohon ginin bulo ne mai rufin kwano, sai dai a shekarun baya an yi masa gyara, aka ɗora rawani, wato ɗan bangon da ake ƙarawa a saman gini, a gabansa domin ya ɓoye rufin, aka kuma saka silin na katako a ɗakunan gaba. Tun da daminar bana ta kankama a watan Afrilu ruwa yake ɗiga a ɗakin mahaifiyarmu, daga kusurwar silin da ke jikin bangon gabas, har fentin wurin ya kumbura, tabon kuma kullum ƙara faɗi yake yi.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne ba kowane ruwa ne yake kawo yoyon ba. Idan yayyafi ne, ko ya wuni ana yi ba ma ganin komai. Idan kuwa ruwa ne mai ƙarfi da iska, sai an jima ana zubawa kafin ɗigon farko ya sauko, kuma yakan ci gaba da ɗiga bayan an ɗauke ruwan. Mun kira kafinta ya hau, ya sake kusoshi, ya shafa kwalta a kan kwanon da ke saitin wurin, amma ruwan da ya biyo baya ya shigo kamar ba a taɓa komai ba. Yanzu wasu daga cikin 'yan uwa suna cewa a yaye rufin gaba ɗaya a buga sabo, alhali kuɗin sai an yi karo-karo kafin a haɗa shi. Ni ban yarda a kashe wannan kuɗin ba sai an san ainihin inda ruwan yake bi. Ta yaya ake gano shi?

Baba Kafinta, Asawase:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi daidai da ka tsaya, domin inda ruwa yake ɗiga a cikin ɗaki ba kasafai yake zama inda ya shigo ba. Ruwa yakan ratsa ta ramin ƙusa ko ta bakin kwano, ya kama jikin katakon rufi, ya bi gangararsa tafiya mai nisa, sa'an nan ya sauka a kan silin, ya sake gangarawa zuwa inda silin ya fi lotsawa ko inda faifai biyu suka haɗu, a nan ne zai ɓullo muku. Saboda haka wanda ya hau sama ya shafa kwalta a saitin tabon, sau da yawa lafiyayyen kwano ya shafa wa.

Bincike daga ciki ake fara shi. Ka kashe wutar gidan daga babban makunni tukuna, domin wayoyin lantarki a cikin silin suke kwance, kuma jiƙaƙƙiyar waya ba abin wasa ba ce. Sai ka shiga cikin silin da tocila da alli, da safe kafin kwano ya ɗauki zafi, ka riƙa taka katako kawai, kada ka ɗora ƙafa a kan faifan silin. Ka fara daga bayan tabon, ka bi sawun ruwan zuwa sama. Katakon da ruwa ya saba bi yakan yi duhu, wani lokaci da farin layi a gefensa inda ruwan ya bushe, ƙusar da ke yoyo kuma za ka ga tsatsa ta zubo daga gindinta. A cikin silin akwai ƙurar hunturu ta shekaru, kuma ita ce babbar mai ba da shaida: inda ɗigo yake sauka za ka ga ƙananan ramuka a cikinta, inda ruwa ya gudu kuma za ka ga ya share hanya. Duk abin da ka gani ka zagaye shi da alli. Daga nan ka kashe tocilar ka ɗan dakata idonka ya saba da duhu, duk inda haske ya huda kwano za ka gan shi.

Amma ka sani ba kowace ƙofar ruwa ce take nuna haske ba. Inda kwano ya hau kan kwano, idan hawan bai yi yawa ba ko kuma rufin ba shi da gangara sosai, iska takan tura ruwa ya hau ta tsakaninsu ya zubo ciki, kuma da rana ba za ka ga komai a wurin ba. Haka ma kwanon da ake kifawa a doron rufi, da kwarin da rufi biyu suka haɗu, da inda aka huda aka kafa ƙarfen eriya ko faifan tauraron ɗan adam. Robar da ke kan ƙusar kwano ita ma rana tana cinye ta har ta farfashe. Tun da ka ce sai da iska yoyon yake zuwa, ni mahaɗin kwano nake fara zargi.

Hajiya daga Nima, Accra:

Malam, Allah ya ƙara wa mahaifiyarku lafiya, ka kuma matsar da gadonta daga wannan kusurwar tun yanzu, domin silin da ya sha ruwa yakan rufto ba tare da sanarwa ba, danshi kuma ba ya yi wa ƙirjin tsofaffi daɗi.

Kafin a ɗora wa rufi laifi, ya kamata a tabbatar ruwan sama ne kaɗai. A gidajenmu na zango akan ɗora tankin ruwa a sama, bututu kuma yakan bi ta cikin silin ko cikin bango. Ku rufe dukkan famfunan gidan a lokacin da ruwan famfo yake zuwa, ku duba mita. Idan tana ci gaba da juyawa, akwai bututun da ke zuba a wani wuri. Na'urar sanyaya ɗaki ita ma tana fitar da ruwa, idan bututunta ya toshe sai ya dawo jikin bango. Ku kuma lura da siffar tabon. Danshin da ke tasowa daga ƙasa yana farawa ne daga gindin bango, ba ya cika wuce kamar mita 1 ba, kuma yakan bar farin gishiri da ke sa yaɓe ya riƙa zubowa. Wanda ya shigo ta taga, musamman taga mai gilasai jere da feshi ke ratsawa, a ƙarƙashin tagar yake fitowa. Naku tun da daga sama yake, waɗannan biyun da wuya su zama su ne.

Shawarar da ta fi yi mini amfani ita ce rubutawa. Duk ranar da aka yi ruwa, a sa wani yaro mai hankali ya rubuta ta wane gefe iska ta taso, ƙarfin ruwan, da tsawon lokacin da aka ɗauka kafin ɗigo ya fara, a kuma zagaye bakin tabon da fensir domin a ga ta wane ɓangare yake girma. Mu a nan Accra iskar teku mai gishiri ce take cin kwano, har ya yi ƙananan huji kamar na rariya, shi ya sa mutane da yawa suka koma kwanon alminiyam. Ku a Kumasi ba ku da wannan matsalar, amma ruwanku ya fi namu yawa nesa ba kusa ba.

Ɗan Aboabo, Kumasi:

Na gode, Baba, na gode, Hajiya, Allah ya saka da alheri. Mun matsar da gadon. Babu tanki ko bututu a wannan sashen gidan, mita kuma ba ta motsa ba. Na shiga cikin silin kamar yadda Baba ya ce. Kwanon da ke saman tabon a bushe yake, katakan da ke tsakiyar rufin ma haka. Amma katakon da ke kwance a kan bangon gabas ya yi baƙi, ya yi laushi har farce yana shiga, kuma bulon da ke samansa, wato gindin rawanin, a jiƙe yake da koren gansakuka. Sawun ruwan daga jikin bangon ya sauko.

Magini daga Tafo, Kumasi:

Malam, wannan bayanin naka na ƙarshe ya taƙaita binciken ƙwarai. Da girmamawa ga Baba, ina ganin hankali ya kamata ya koma kan rawanin da magudanar da ke bayansa. Tsohon rufi irin na iyayenmu yakan zarce bango ya zubar da ruwa waje, amma da zarar an ɗora rawani, ruwan ba shi da mafita sai ya taru a wata magudana ta kankare ko ta kwano da ke ɓoye a bayansa, daga nan ya bi bututu ko indararo ya sauka. Ku duba lissafin: ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Idan sashen rufin da ke zuba a wannan magudanar ya kai murabba'in mita 100, aka kuma yi ruwa na milimita 50, lita 5,000 ke nan za su nemi hanya ta bakin bututu ɗaya ko biyu. Kumasi kuwa tana samun kimanin milimita 1,400 a shekara. Idan leda da ganyaye da ƙurar hunturu sun rage bakin bututun, yayyafi zai wuce lafiya, amma ruwa mai ƙarfi zai cika magudanar har ya haura leɓenta na ciki ya zubo kan bango. Wannan ya dace da abin da ka faɗa cewa sai an jima ana ruwa kafin ɗigo ya fara.

Ci gaban ɗigon bayan an ɗauke ruwa kuma yana nuna akwai abin da ke riƙe ruwa yana sakinsa a hankali. Ko dai ruwa yana kwanciya a magudanar saboda ba ta da gangara, yana tsatsafowa ta wata tsaga, ko kuma bulon rawanin ne yake sha. Bulon yashi da siminti yana shan ruwa sosai, musamman wanda aka rage masa siminti, kuma magina da yawa sukan yi wa fuskar rawani yaɓe da fenti domin ita ake gani daga titi, su bar bayansa da kansa tsirara. Abin yana damuna matuƙa, domin aikin wuni ɗaya ne ake gudu, mai gida kuma ya yi shekaru yana biya. Ka lura kuma cewa hadari mai iska a wannan yankin galibi daga gabas yake tasowa, bangonku kuwa na gabas ne.

Yadda za ku tabbatar shi ne ku jarraba da mesa a ranar da babu ruwa kuma wurin ya bushe. Mutum ɗaya ya zauna cikin silin da tocila da waya, ɗaya ya hau sama, wani kuma ya riƙe tsani. Ƙa'idar ita ce a fara daga ƙasa a hau sama, wuri ɗaya bayan ɗaya, domin idan aka fara daga doron rufi ruwan zai jiƙa ko'ina ba za a san wane wuri ne ya ba shi hanya ba. Ku fara share magudanar, ku zuba ruwa a bututun ku ga ko yana fita da ƙarfi a ƙasa. Sai ku toshe bakinsa da tsumma, ku tara ruwa a magudanar ba tare da ya kai leɓe ba, ku jira. Idan na ciki ya ga danshi, magudanar ce ta tsage. Idan bai gani ba, ku saki ruwan, ku koma inda bakin kwano ya haɗu da jikin rawani, sa'an nan bayan rawanin, sa'an nan kansa. Kowane wuri a ba shi aƙalla minti 15, domin bulo ba ya nuna ruwa nan take.

Gyaran ya danganta da abin da kuka samu. Tsaga a kankare sai an buɗe ta an tsabtace kafin a cike, a kuma shimfiɗa abin hana ruwa a kan busasshen wuri; duk abin da aka shafa a kan jiƙaƙƙen siminti ɓarewa zai yi. Mahaɗin kwano da bango yana buƙatar a yanka layi a jikin yaɓe, a cusa bakin wani lanƙwasasshen kwano a ciki ya sauko ya rufe mahaɗin, domin siminti kaɗai ba ya riƙe kwano, zafin rana yana sa kwano ya miƙe ya koma har simintin ya tsage. A yi wa bayan rawani yaɓe, a yi wa kansa hula mai ɗan gangara, a kuma huda ƙarin mafita a jikinsa ƙasa da leɓen magudanar, ta yadda ko bututu ya toshe ruwan zai zuba waje. Share magudanar kam yau za a yi shi, amma babban aikin ya fi kyau a watan Agusta da ruwa ke tsagaitawa, kafin ƙaramar damina ta Satumba zuwa Nuwamba.

Baba Kafinta, Asawase:

Na gamsu da bayanin Malam Magini, abin da ka gani a cikin silin ya fi goyon bayansa. Sai dai idan kun gama da rawanin, kada ku sauke mesar sai kun watsa ruwa a layin kwano na ƙarshe, kuna tura shi sama yadda iska take yi, domin gida ɗaya yakan yi ƙofar ruwa biyu. Wannan katakon da farce yake shiga kuma dole a canza shi, domin shi ne yake ɗauke da ƙafafun rufin, kuma jiƙaƙƙen katako yana kiran gara. A tokare rufin kafin a zare shi, a sa sabo wanda aka shafa wa maganin gara. Faifan silin da ya lalace a cire shi, amma a bar gurbin a buɗe har a yi ruwa mai ƙarfi sau biyu ko uku ana leƙawa, in an ga wurin a bushe sa'an nan a rufe a yi fenti. Ka kai 'yan uwanka su ga wurin da idonsu kafin a sake zancen sabon rufi.