Wayar da na mayar kyamarar tsaro tana mutuwa da azahar

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A Jidda nake. Na ɗaure tsohuwar wayata a tagar da ke kallon ƙofar gida, na sa mata manhajar kyamara don in riƙa leƙa gidan daga wurin aiki, tunda Hajiya da yara kaɗai nake bari.

Da dare lafiya lau. Amma da an yi azahar rana ta bugi tagar, sai ta rubuta ta yi zafi, ta rufe kyamara. Kafin la'asar ta mutu murus, alhali tana jikin caji.

Na cire mata rigar roba, na rage hoto zuwa 480p, na kashe hasken allo, na canja caja, har kwali na kafa mata don inuwa. Duk a banza. Jiya kuma na ga murfin bayanta ya ɗago, batir ya kumbura, ga labule dab da ita. Hankalina ya tashi, nan take na zare ta daga wuta.

Idan mai gyara ya cire batirin ya haɗa ta kai tsaye da caja, za ta jure wannan zafin? Na gode.