Daga jefa ƙwallo zuwa zama koci: tambaya kan Jim Harbaugh da ire-irensa

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga masu bin ƙwallon Amurka ce, wadda ake yi da hular kwano. Jim Harbaugh da ya karɓi Los Angeles Chargers a 2024, an ce shi ma kwatabak ne a da, wato mai jefa ƙwallo da ke jagorantar hari. Kuma kociyoyi da dama a NFL, babbar gasar ƙwararru ta wannan wasa, daga wannan gurbin suka fito. Me ke cikin gurbin da ya sa haka? Sannan wace hanya mutum ke bi har a ba shi ƙungiya? A nan dai ɗan wasa kan yi kwas a NIS, cibiyar koyar da wasanni ta ƙasa da ke Legas, ko ya nemi lasisin CAF. Can ma haka abin yake?

Malamin Arkilla:

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da ta ƙarshe: NFL ba ta neman lasisi. Wanda ya ga aikinka ya gamsu, shi ke jawo ka.

Batun gurbin kuwa, sai ka san abin da kwatabak ke yi kafin a taɓa ƙwallo. Ƙungiya na da dama 4 ta ci yadi 10, kuma tsakanin wannan dama da ta gaba akwai daƙiƙa 40. Koci na faɗa masa dabarar da za a yi ta rediyon da ke cikin hularsa, amma ana datse layin idan saura daƙiƙa 15. Daga nan shi kaɗai ne. Zai maimaita wa mutum 10 dabarar, su jeru, sai ya ɗaga kai ya karanci masu tsaro. Abin da yake fara dubawa shi ne masu gadin can baya. In biyu ne a nesa, gaba ta yi sauƙi, gudu da ƙwallo zai fi biya. In ɗaya ne, an ƙaro mutum gaba kenan, jifa ta gefe ta buɗe. Sai ya nuna wa mutum 5 da ke kare shi wanda za su fara ƙirga daga kansa, don kowa ya san wa zai tare. In ya ga alamar za a yi masa rubdugu da mutanen da suka fi masu kariyarsa yawa, ko ya canja dabarar da baki, ko ya yi wa mai karɓa ishara ya taƙaita gudunsa.

Bayan ƙwallo ta zo hannunsa, zai ja baya taku 3, 5 ko 7 gwargwadon nisan jifar, kuma da wuya ya samu fiye da daƙiƙa 3. A cikinsu zai duba mai karɓa na farko, na biyu, na uku, bisa jerin da aka tsara. Kuskuren da ya fi yawa shi ne kafe ido a kan mutum ɗaya, domin mai gadin baya idonsa yake bi, sai ya riga mai karɓa zuwa ya cafke. Na biyu shi ne taku da bai dace da gudun mai karɓa ba, ƙwallo ta iso a makare.

To ka ga dole ya san aikin duk mutum 22 da ke fili. Sauran 'yan wasa, nasu kawai ya ishe su.

Na Runjin Sambo:

Malam ya yi bayani, Allah shi saka. Ni tarihin mutumin zan kawo, don wanga tarihi shi ne amsar tambaya ta biyu.

Harbaugh ya yi wa jami'ar Michigan wasa ƙarƙashin Bo Schembechler, sannan Chicago Bears sunka ɗauke shi a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa na 1987. Kakar da ta fi mai kyau ita ce ta 1995 a Indianapolis Colts, inda sunka kai wasan ƙarshe na AFC, ɗaya daga ɓangarori biyu na NFL, Pittsburgh ta ci su 20-16, jifarsa ta ƙarshe ta kuɓuce wa mai karɓa a cikin gida, wato ƙarshen fili inda ake cin maki. Ya yi Baltimore, ya yi Chargers ɗin da yake riƙe da ita yanzu. Ɗan wasa ne mai zuciya, amma ba ya cikin sahun manyan taurari irin su Joe Montana.

Abin da mutane ba su lura da shi ba: tun 1994, yana tsakiyar wasa a NFL, yake taimaka wa mahaifinsa Jack Harbaugh a jami'ar Western Kentucky ba albashi, yana nemo mai yara masu hazaƙa. Haka har 2001. Koyon aiki kenan na shekaru. Da ya aje wasa, Oakland Raiders sunka ɗauke shi kocin kwatabak a 2002 da 2003. Maimakon ya zauna NFL yana jiran ƙarin girma, sai ya sauka ƙaramar jami'ar San Diego, wadda ko tallafin karatu ba ta ba 'yan ƙwallonta, don ya riƙe ƙungiya da kansa. Shekara 3, ya ci wasa 29, an ci shi 6.

Stanford da anka ba shi a 2007, wasa ɗaya tal ta ci a kakar da ta gabata. A shekararsa ta farko ya kada USC 24-23, alhali masu hasashe sun ce da tazarar maki 41 za a doke shi. Zuwa 2010, da Andrew Luck a gurbin jifa, sun ci 12 cikin 13. Daga nan San Francisco 49ers, shekara 4, uku a jere yana kaiwa wasan ƙarshe na NFC, ɗayan ɓangaren na NFL. Sai Michigan daga 2015, inda ya sha kashi hannun Ohio State sau 5 a jere har anka rage mai albashi, kafin ya ɗauki kofin ƙasa na jami'o'i a Janairun 2024 da ci 34-13 kan Washington. Amma kakar ba ta wuce lami lafiya ba, an dakatar da shi wasa 6 kan zargin karya dokoki.

Tsanin da aka saba bi a NFL shi ne: mai tantance bidiyo, kocin kwatabak, mai tsara hari, sannan babban koci. Shi ya tsallake matakin mai tsara hari, ya maye shi da jami'a.

Gawon Nama:

Ina da gyara ga tambayar kanta. Ba kowane kwatabak ke zama koci nagari ba, kuma taurari sun fi faɗuwa. Bart Starr ya ci wa Green Bay kofi 5 yana ɗan wasa, amma da aka ba shi ƙungiyar daga 1975 zuwa 1983, ya ci 52 aka ci shi 76. Ku duba kuma 'yan benci. Gary Kubiak ya ƙare wasansa a bayan John Elway a Denver, ya zo ya ci Super Bowl, wasan ƙarshe na kofin NFL, a 2016 yana koci. Doug Pederson ya daɗe a bayan Brett Favre, ya fara horarwa a makarantar sakandare a Louisiana, ya shigo Philadelphia daga matakin ƙasa a 2009, ya ci New England 41-33 a Super Bowl na 2018, kuma da ɗan benci Nick Foles ya yi ta.

Dalilin yana cikin yadda mako ke tafiya. Litinin kallon bidiyon wasan da ya wuce. Talata 'yan wasa na hutu, kociyoyi na tsara shiri. Laraba atisayen dama ta farko da ta biyu, Alhamis dama ta uku, Juma'a yadi 20 na ƙarshe, Asabar a bi dabarun a hankali. Kusan duk atisayen babbar tawaga na farko ne ke yi. Ɗan benci sai ya kwaikwayi kwatabak ɗin abokan karawa don masu tsaron gida su gwada, wato kowane mako yana koyon tsarin wata ƙungiya. Ranar wasa kuma yana tsaye kusa da koci, yana jin duk abin da ake kira da dalilinsa. Kamar yaron mota ne da ya shekara goma a gefen direba. Tauraro kuwa ƙarfin hannunsa kan rufe kuskurensa, sai ya zo yana neman yaro ya yi jifar da shi kaɗai Allah ya hore wa.

Harbaugh ya tsira ne saboda bai yi hakan ba. Alex Smith, kwatabak ɗin da ya tarar a San Francisco, an riga an yanke masa ƙauna. Ya rage masa jifa mai haɗari, ya ƙarfafa gudu da ƙwallo, ya damƙa tsaro ga Vic Fangio. A 2011 sau 5 kacal aka cafke jifar Smith, ƙungiyar da ta ci 6 a 2010 ta ci 13.

Ɗan Mabera:

Na gode ƙwarai. To shi ina nasa rauni yake, tunda bai ci Super Bowl ba?

Malamin Arkilla:

Agogo da zaman lafiya da shugabanni. A Super Bowl na Fabrairun 2013 a New Orleans, San Francisco da Baltimore ta yayansa John, an ja musu 28-6, wuta ta ɗauke fiye da rabin awa, suka farfaɗo. Kusa da tashi suna kan yadi 5 da gida. A dama ta uku daƙiƙa 40 ta kusa cika ba a fara ba, dole ya ƙona hutun tsayar da agogo da za su buƙata daga baya, kuma hutu 3 kawai ake da shi a kowane rabi. Jifa uku duk wajen mai karɓa Michael Crabtree aka yi, ba wadda ta shiga, aka tashi 34-31. Ni a ganina ko sau ɗaya ya kamata a bar kwatabak ɗinsu Colin Kaepernick ya ruga da ƙafa, tunda don ƙafar tasa aka fifita shi kan Smith a tsakiyar kakar. A 2014 kuma saɓaninsa da mahukuntan ƙungiyar ya fito fili, suka ci 8 aka ci su 8, ya bar aikin.

In kana son ganin abin da na faɗa da idonka, wasannin Lahadi na farko suna farawa ƙarfe 6 na yamma agogonmu, daga Nuwamba ƙarfe 7, don haka Magariba da Isha'i za su ratsa ciki. Ka daina bin ƙwallo da ido kafin a fara, ka ƙirga masu gadin baya, ka faɗi gudu za a yi ko jifa.