Borin jinin da ya ƙi tafiya: masu fama da shi, ku faɗi abin da kuka gani

Maman Zainab, Garwa: Assalamu alaikum. Tun ƙaramar Sallah borin jini ke taso mini. Da la'asar sai cinya da baya su yi ruɗu-ruɗu, kamar na kwanta cikin ƙaiƙayin gero. Kafin safiya ya baje babu ko tabo, yamma ta yi ya ɓullo a wani wuri. Na bar kifin Binuwai, na bar gyaɗa da ƙwai, duk a banza. Akwai wanda ya taɓa irinsa?

Baban Sadiƙu, ma'aikacin jinya, Marwa: Sannu Maman Zainab, Allah ya ba da lafiya. Matata ta sha fama da shi. In ya wuce mako 6, da wuya a ce abinci ne. A cikin fata akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki, mastosit, cike da sinadarin histamin. Da zarar sun sake shi sai ƙananan jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsiyayo ƙarƙashin fata, wurin ya kumbura ya yi ƙaiƙayi. A mutane da yawa garkuwar jikin ce da kanta ke tsokanar su, ba wani abu daga waje ba. Shi ya sa matata ba ta ga sauƙi ba sai da ta riƙa shan setirizin, maganin da ke toshe aikin histamin, kullum, ya taso ko bai taso ba. In bai isa ba likita na iya ƙara shi har ninki huɗu, amma shi zai ƙara, ba ke ba. Ki koma cin kifinki.

Ɗan kalando (ɗan acaɓa), Injamena: Ni nawa zufa ce. Zafin Afrilu, in na yi lodi biyu da rana sai ƙirjina ya feso da ƙananan ƙuraje. Maganin Polaramine na kwantar da shi, amma har gyangyaɗi nake kan babur, ga fasinja a baya. Da aka canja mini zuwa loratadin na samu kaina.

Hajiya Inna, Gaundare: 'Yata, abu ɗaya nake roƙonki, ki guji deksametazon na masu tallar magani a kasuwa. Ƙanwata ta daɗe tana sha don yana kashe shi nan take. Fuskarta ta cika, sukarinta ya hau, ranar da ta bari kuma ya dawo fiye da da. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai. Daga baya likita ya sa aka duba mata jini na maƙoƙo, wai sukan zo tare.

Maman Zainab: Na gode Inna. Jiya leɓena na sama ma ya kumbura. Ibuprofen da nake sha don ciwon mara fa?

Baban Sadiƙu: Shi da asfirin da diklofenak duk suna iya tayar da shi, ki koma farasitamol. Kumburin leɓe ko fatar ido yakan kwana biyu kafin ya sauka. Amma in harshe ne ko maƙogwaro, ko numfashi ya fara yi miki wuya, asibiti za a kai ki a lokacin, ko da tsakar dare ne.