Adakar fayafayan garmaho a Aboabo: yaya za a gane shekarunsu, a kuma ji su ba tare da an kashe su ba?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata adaka a nan Aboabo, Kumasi, cike da fayafayan garmaho, irin masu nauyin nan da ke fashewa kamar tangaran. Sun kai 60. Tambarin wasu Zonophone, wasu na ɗauke da hoton kare yana leƙa ƙaho, mafi yawa kuma Decca. Akwai hailaif, akwai masu waƙa da Sifaniyanci, akwai 'yan kaɗan na jazz daga Amurka. Garmahon ma na nan, wanda ake wanawa da hannu, sai dai yana tafiya yana yin "gum" lokaci-lokaci. Ta yaya za a gane wanne ya girmi wanne? Kuma a ɗora su a kan garmahon nan, ko a nemi na'urar zamani?

Malam Mai Tarihi, Nima:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin allura ta taɓa ko ɗaya, zauna da takarda ka rubuta lambobi biyu na kowane faifai: wadda ke kan tambari, da wadda aka tona a jikin faifan tsakanin ƙarshen waƙa da tambari. Ta biyun ita ce lambar ɗauka, da ita masana ke gano ranar da aka shiga situdiyo.

Zonophone ɗin su za ka fara warewa. In lambar ta fara da EZ, to na jerin da kamfanin ya yi wa kasuwar Afirka ta Yamma ne daga 1927 zuwa wajen 1930. A Landan aka ɗauki waƙoƙin, aka buga fayafayan a Ingila, jirgin ruwa ya kawo su. A cikin jerin nan ne Kumasi Trio na Kwame Asare, wanda aka fi sani da Jacob Sam, suka ɗauki "Yaa Amponsah" a 1928, kuma har yau masu jita a ƙasar nan a kan salon kiɗan nan suke koyon hannu. Jerin na da Fanti, Twi, Ga, Yarabanci, har da Hausa. In ka ci karo da na Hausa, don Allah ka sanar da mu a nan.

Masu hoton kare na His Master's Voice ne. Na Sifaniyancin nan kusan tabbas lambarsu za ta fara da GV, jerin da aka soma a 1933, ana sake buga kiɗan Kyuba ana sayar wa Afirka. Shi ya sa kake jin ƙamshin rumba a kiɗan Kwango da na Senegal, har da hailaif na ƙungiyoyin rawa. Waɗanda lambarsu ta fara da JZ kuwa na mawaƙan yankinmu ne.

Decca masu WA su ne ƙannen. Bayan yaƙin duniya na biyu kamfanin ya kafa wurin ɗauka a Accra, kuma E.T. Mensah da Tempos sun fara ɗaukar waƙa da su a 1952. Kada ka ce ai an fito da LP, faifan roba mai dogon zango, a 1948 da ƙaramin faifan 45 a 1949, don haka duk mai gudun 78, wato mai zagaye 78 a minti irin naka, ya girme su. A nan an ci gaba da sayar da 78 har farkon shekarun 1960, saboda gidaje da yawa ba lantarki, garmaho kuwa hannu kawai yake ci.

Mai Gyaran Rediyo, Zongo Lane:
Malam ya gama da tarihi, ni bari in hana ɓarna. Kada a ɗora su a kan garmahon nan. Kan da ke riƙe allura ya fi giram 100 nauyi, allurar ƙarfe ce, kuma an yi ta ne don fuska ɗaya tak, a jefar. Da ta gama fuska bakinta ya zama kurfi, in ka maimaita ta sai ta sassaƙe layin waƙar. Faifan da ka ga layinsa ya yi toka-toka maimakon baƙi mai sheƙi, aikin tsohuwar allura ne, kuma ba ya dawowa.

"Gum" ɗin da kake ji giris ne ya daskare a cikin gangar sifirin, naɗin yana mannewa sannan ya ɓalle. Maganinsa a wanke da kananzir a sa sabon giris, amma kada wanda bai saba ba ya buɗe gangar. Sifirin ƙarfe ne mai tsawon mita da yawa, in ya kuɓuce yana tsaga hannu.

Wanki kuma. Fayafayan nan ba roba ba ne. Ƙaro ne da wani ƙwaro ke fitarwa a Indiya, ana ce masa shalak, aka cakuɗa shi da garin dutse. Sifirit na narkar da shi nan take, saboda haka ba sifirit, ba man goge hannu na sanitaiza, ba ruwan wanke faifan LP, yawancinsu da sinadarin a ciki. Samu tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota, wanda babu asid a cikinsa, lita 1, ka ɗiga sabulun ruwa na wanke kwanuka ɗigo 2 ko 3. Shimfiɗa tawul a kan tebur, ɗora faifan, ka bi layin a kewaye da buroshi mai laushi, ba a gicciye ba. Ruwa kada ya taɓa tambari, tawadar na zuba. Ɗauraye da tataccen ruwa zalla, tsane da ƙyalle mai laushi, jingine a inuwa kwana guda cur. Fiya wata da ruwan famfo na barin gishiri a cikin layi, ka ji shi daga baya yana ƙas-ƙas. Kada kuma a jiƙa faifai a cikin baho, domin wasu, musamman na Columbia, falle-falle ne da takarda a ciki, ruwa na shiga ta baki ya kumbura su.

Na'urar da ake so ita ce tantebur, wato na'urar juya faifai ta lantarki, mai gudun 78, da allurar 78. A nan mutane ke faɗuwa. Bakin allurar LP mil 0.7 ne, na 78 kuwa wajen mil 3, mil ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na inci. Siririyar allura faɗawa take can gindin layi inda datti yake, sai ka ji shuu kamar ana ruwan sama a kan kwano, ka ce faifan ya mutu alhali lafiyarsa lau. Nauyin kai giram 3 zuwa 5, gwargwadon abin da masu allurar suka rubuta.

In tantebur ɗin 33 da 45 kawai yake da su, ɗauka a 45, sannan a cikin Audacity, manhajar gyaran sauti ta kwamfuta, ka ƙara gudu da kashi 73.3 cikin ɗari. Ɗauka a sitiriyo, WAV, 24-bit, 96 kHz, ka ajiye wannan ɗanyen kwafin daban kafin ka taɓa komai. Daga baya ka haɗe gefen biyu su zama mono, ƙarar datti za ta ragu da kanta.

Mai Kakaki, Asawase:
Injiniya, na yarda da kai a kan Zonophone da duk wanda ba a samun irinsa. Amma faifan GV da aka buga dubbai, in an gyara garmahon, aka canza robar da ke riƙe da fallen kan, aka sa sabuwar allura kowace fuska, ban ga laifin a ji shi yadda kakanni suka ji ba.

Abin da nake so Ɗan Aboabo ya lura da shi a na jazz ɗin shi ne shekarar 1925. Kafin ta ba makirufo. Makaɗa na taruwa gaban wani babban ƙaho, ƙarfin sautinsu kaɗai ke girgiza allurar da ke tona kakin zuma. Abin da ƙahon ke kamawa bai wuce daga wajen 250 zuwa 2,500 Hz ba, wato ba ya kama sauti mai kauri sosai ko siriri sosai. Haka aka ɗauki "Livery Stable Blues" na Original Dixieland Jass Band a New York a watan Fabrairun 1917, faifan jazz na farko da ya shiga kasuwa, kuma Turawa ne suka yi shi, ba baƙaƙen New Orleans masu abin ba. Haka aka ɗauki "Crazy Blues" na Mamie Smith a 1920, wanda cinikinsa ya buɗe wa kamfanoni ido cewa baƙaƙe na sayen faifai. Haka King Oliver da yaronsa Louis Armstrong a 1923 a situdiyon Gennett da ke Richmond, jihar Indiana, gab da layin dogo, jirgi na zuwa a dakata. A ɗaukar nan mai ganga, Baby Dodds, katako ya fi ƙwanƙwasawa, domin babbar ganga na iya fitar da allura daga layi. Wanda ya ji faifan ya ce jazz na farko ba shi da ganga mai nauyi, ƙahon ya ji, ba ƙungiyar ba.

Tsawon waƙa ma faifai ne ya yanka shi. Mai inci 10 minti 3 yake ɗauka ko da ɗan ɗori, mai inci 12 minti 4 zuwa 5. Hailaif ɗin da Tempos za su ja a filin rawa sai an datse shi ya shiga. Armstrong ɗin nan kuwa ya zo Accra a watan Mayun 1956, ya busa tare da E.T. Mensah.

Sai gudu. "78" suna ne kawai a fayafayan farko. Columbia na Ingila sun daɗe a kan 80, wasu kuma ƙasa da 78 aka ɗauke su. Bambancin 78 da 80 kashi biyu da rabi ne cikin ɗari, bai kai rabin matakin sauti ba, amma mai kunne zai ji kakaki ya kauce. Gwada da kibod: ƙungiyar masu busa ta fi zama a B-flat, E-flat ko F, in faifan ya faɗa tsakanin maɓalli biyu, gyara gudu har ya zauna. Wannan dabarar ba ta aiki sosai a kan masu jita irin Kumasi Trio, domin su da kunne suke ɗaure tsirkiya.

Ɗan Aboabo:
Allah Ya saka da alheri. Biyu sun fita daban. Ɗaya ya tsage daga baki zuwa tsakiya amma bai rabu ba. Ɗayan tambarinsa rubutun hannu ne, ana ganin ƙarfe a cikin ramin tsakiya, kuma wani farin gari mai maiƙo ya rufe fuskarsa. A wanke shi kamar sauran?

Hajiyar Laburare, Madina:
A'a ƙanena, ajiye shi. Wannan ba shalak ba ne, farantin alminiyom ne da aka shafa wa wani fenti mai suna lacquer, irin wanda gidajen rediyo da ƙananan situdiyo ke yanka waƙa a kai kai tsaye. Sau da yawa kwafi ɗaya ne a duniya. Farin garin ba funfuna ba ce, man da ke cikin fentin ne ke fitowa saboda zafi da laima, bayansa sai fentin ya tsattsage ya ɓare daga ƙarfen. Allurar garmaho za ta gama da shi a zagaye ɗaya. Ɗauki hoton tambarin, sa shi a rigar takarda mai tsabta, ka tuntuɓi ma'ajiyar J.H. Kwabena Nketia da ke Cibiyar Nazarin Afirka a Legon.

Mai tsagar kuma ana iya ɗaukarsa. Kwantar da shi a kan gilashi, daidaita leɓɓan tsagar da yatsa har farce ya daina jin tudu, manna ɗan salatif a can bakin da ba waƙa. Ba a zuba gam a cikin layi. Za ka ji "tak" sau ɗaya a kowane zagaye, a cire su ɗaya-ɗaya a kwamfuta.

Ƙari a kan maganar Injiniya: amfilifayar zamani na gyara sauti bisa ma'aunin RIAA, wanda sai a 1954 aka daidaita a kansa. A fayafayan da suka riga shi za ka ji bes ya yi yawa, sama kuma ta dushe kamar an rufa bargo. A cikin Audacity a fara warware RIAA, sannan a ƙara gudu in a 45 aka ɗauka, sannan a sa ma'aunin da ya dace. Wanda ya ƙara gudu kafin ya warware, lissafin ya karkace. Na His Master's Voice na shekarun 1930 da 1940, ɗaga bes daga wajen 250 Hz zuwa ƙasa, ka bar sama yadda take.

Kuma a fitar da su daga adakar ƙarfen nan. A tsaye ake jera su, masu inci 10 daban, masu 12 daban, kamar 20 a kowane kwali da abin tokarewa don kada su jingina, a ɗakin da rana ba ta dukan bangonsa, a kan katako ba a kan siminti ba, saboda laimar damina a Kumasi.