Ajin share fage na Turanci da Sifaniyanci: me iyaye suka gani?

Maman Biyu, Bronx, New York:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. 'Yata za ta cika shekara 4 a bana, kuma makarantar gwamnati ta unguwarmu ta ba mu zaɓi tsakanin ajin Turanci zalla da ajin da ake raba yini tsakanin Turanci da Sifaniyanci. Maigidana yana ganin harsuna uku sun yi wa ƙaramar yarinya yawa, tunda Hausa muke yi a gida. Ina roƙon waɗanda suka taɓa sa 'ya'yansu a irin wannan aji su faɗa mana abin da suka gani.

Baban Yara, Houston:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ɗana ya shiga tsarin da ake kira 90/10, inda kusan dukkan yinin ake yin sa da Sifaniyanci, sannan a riƙa ƙara Turanci yayin da yaro yake hawa aji. Ya yi kusan wata biyu bai buɗe baki a aji ba, har hankalin mahaifiyarsa ya tashi, amma malamarsa, wadda 'yar asalin Meziko ce, ta ce mu ƙyale shi, sauraro yake yi. Da bakin ya buɗe kuwa, sai ga shi yana karkaɗa harshe wajen furta "perro" (wato kare) fiye da 'yan ajinsu masu Turanci a gida, domin wannan "r" ɗin muna da ita a Hausa, kuma wasulan Sifaniyanci biyar ne kamar na bokonmu. Turancinsa bai ja baya ba, saboda talabijin da filin wasa sun wadatar da shi.

Malama, Washington:
Na yi shekaru ina taimaka wa malamai a irin wannan aji, kuma ina so Hajiya ta sani cewa tsarin ya daɗe. Makarantar Coral Way da ke Miami ta fara shi a 1963 saboda 'ya'yan 'yan gudun hijirar Kuba, a nan Washington kuma makarantar Oyster tana yin sa tun 1971. Jihar Kalifoniya ta taƙaita koyarwa da harsuna biyu ta hanyar ƙuri'ar jama'a a 1998, sannan jama'ar suka janye takunkumin a 2016. Abin da ya fi tayar wa iyaye hankali shi ne jin yaro yana cakuɗa harsunan a jimla guda, alhali na ga yara da dama suna yin haka, kuma kowannensu ya san da wa zai yi wane harshe. Mu ma ai muna surka Hausa da Turanci a kasuwa, ba wanda ya ce mun ruɗe.

Yaya Babba, Los Angeles:
Ni tawa gogewar ta sha bamban. A wajen ɗana, Sifaniyancin ya zauna, Turancin ma ya zauna, amma Hausar ce ta zame, har ta kai kakarsa tana kiransa daga Damagaram yana amsa mata da Turanci, ni ina tsakiya ina tafinta. Laifin namu ne, domin mun ɗauka abin da ake ji a gida ba ya ɓata. Bayan haka muka ƙaura zuwa unguwar da firamarenta ba ta da wannan tsari, kuma cikin shekara guda Sifaniyancin da ya kwashe shekara biyu yana tarawa ya koma 'yan waƙoƙi da ƙirgen ɗaya zuwa goma.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya, maganarki ce ta fi tsaya mini a rai. Ranar Litinin zan tambayi shugabar makarantar ko tsarin yana ci gaba har ƙarshen firamare, kuma ni da maigida mun amince cewa daga ƙofar gida zuwa ciki Hausa kaɗai za a riƙa yi da yarinyar.