An ƙwace wa yayata yara bayan saki, yanzu kuma an tsare Babanmu a madadin yayanmu, ina mafita?

'Yar Auta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah lauyoyi da masu ilimin shari'a da ke nan ku taimaka mana da shawara, wallahi kanmu ya kulle. Yayata ce mijinta ya sake ta, saki ɗaya a rubuce, har ta gama idda. Yaransu biyu, mace 'yar shekara shida sai namiji da ko uku bai cika ba, kuma da su ta dawo gida. Rannan sai ya aiko ƙaninsa wai a ba shi su su je su gaida kakarsu su kwana biyu, shi kenan har yau bai dawo da su ba, in ta kira sai ya katse, ƙaramin ma an ce kullum da daddare kuka yake yana kiran Mama.

To sai Yayanmu namiji ya je ya same shi don a yi magana, magana ta yi zafi suka kama kokawa har leɓen mutumin ya fashe, ai kuwa ya tafi caji ofis ya ce an shigo masa gida an dake shi za a sace masa 'ya'ya. Da 'yan sanda suka zo ba su sami Yaya ba sai suka tafi da Baba, dattijo mai hawan jini, wai yana nan sai Yaya ya kawo kansa. Jiya a can ya kwana. Sun ce a kawo kuɗin beli, Mama ta ce ita za ta tsaya masa aka ce wai mace ba ta beli, sannan an rubuto wata takarda da turanci an ce ya sa hannu shi kuma ba ya karanta boko. Shin dama doka ta yarda da haka? Kuma yaran nan wa ya fi cancanta ya riƙe su? A Najeriya muke. Na gode.

Barista_M:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya kawo sauƙi. Da farko ki raba maganar gida biyu don in kuka cakuɗa su ku za ku wahala. Akwai maganar laifi, wato faɗan da aka yi, wannan na 'yan sanda ne da kotu. Akwai kuma maganar riƙon yara, wannan ba ruwan ɗan sanda da ita ko kaɗan, alƙali ne kawai yake yanke ta.

Tsare Baba haramun ne a doka, babu kwana-kwana a ciki. Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya ce ba a kama wani a madadin wanda ake zargi, haka ma sashe na 7 na dokar ACJA ta 2015, wato dokar tarayya ta tafiyar da shari'ar laifuka, kuma ita Dokar 'Yan Sandan ko'ina a ƙasar take aiki ba sai Abuja ba. Kundin tsarin mulki na 1999 sashe na 35 ya ce ko wanda ake zargin ne da kansa, in akwai kotu a cikin tazarar kilomita 40 to cikin kwana ɗaya za a gurfanar da shi, in babu kwana biyu, kuma yana da haƙƙin ya yi shiru har sai ya ga lauyansa ko wani da ya zaɓa, sannan wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da ban haƙuri a bainar jama'a. To balle Baba da ko wurin faɗan bai je ba.

Takardar nan ita ta fi damuna. Kada ya sa hannu kuma kada ya dangwala, ya ce a cikin ladabi sai lauyansa ya zo a karanta masa a fassara masa da Hausa. Na sha ganin mutum ya sa hannu don kawai a bar shi ya je gida, ranar da aka shiga kotu sai ya ji mai gabatar da ƙara yana karanta cewa shi da bakinsa ya amsa laifi, daga nan aikin lauya ya ninka, domin sai an fara fafutukar nuna cewa ba da son ransa ya yi ba kafin ma a zo kan asalin maganar.

Beli a caji ofis kyauta ne, abin da ake buƙata mai tsayawa ne mai katin shaida da adireshi sananne. Cewa mace ba ta beli kuwa babu shi a doka, sashe na 167 na ACJA ya fito fili ya hana a ƙi mutum don kawai mace ce. Yau ɗin nan ku nemi lauya ku je ku ga DPO, wato shugaban caji ofis ɗin, da kansa, kada ku tsaya a kantar caji ofis kuna jayayya da masu tsaron ƙofa, ku tafi da katin asibitin Baba da maganinsa. In ba ku da halin ɗaukar lauya akwai Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai ba da taimakon lauya, tun 1976 aka kafa ta don marasa ƙarfi kuma tana da ofis a jihohi, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa, akwai FIDA ƙungiyar lauyoyi mata su ma suna taimakawa musamman ɓangaren yayarki. In an ƙi sakinsa lauya zai rubuta wa kwamishinan 'yan sanda koke ko ya shigar da ƙarar tauye haƙƙi a babbar kotu.

Ɗalibin Fiƙihu:

Barista Allah ya saka da alheri, bari in ɗan ƙara a ɓangaren yaran tunda alama musulmi ne kuma kotun shari'a za a je. A mazhabar Malikiyya wadda da ita alƙalanmu suke hukunci, riƙon yara bayan rabuwa wato hadana haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, haka yake a Risala ta Ibn Abi Zaid. In uwar ta rasu ko ta yi wani auren to riƙon yana komawa ga kakar yara ta wajen uwa, sai 'yar uwar uwa, ba wai kai tsaye ya faɗa hannun uba ba kamar yadda mutane da yawa suka ɗauka. Akwai hadisin Abu Dawud na matar da ta kawo kuka mijinta ya sake ta zai ƙwace ɗanta, Annabi (SAW) ya ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba.

Amma kada a manta shi ma uban yana da nasa haƙƙin, shi ne waliyyi, yana da ikon ganin 'ya'yansa da kula da karatunsu da tarbiyyarsu, kuma ci da sha da sutura da magani duk a wuyansa suke ko da yaran suna hannun uwa, alƙali zai yanka masa gwargwadon samunsa. Uwa tana iya rasa riƙo in an tabbatar a gaban alƙali cewa akwai cutarwa ko sakaci ko wurin da take ba amintacce ba ne, amma sai da hujja da shaidu, ba don kawai mutum ya ji haushi ba. Abin yana min ciwo yadda ake maida yara makamin ramuwa, yaron da bai kai uku ba me ya sani a rigimar manya.

Baban Khalifa:

Ni dai shawarata a bi ta hanyar manya tukunna. Kotu ba wurin wasa ba ne, yau a ɗaga gobe a ɗaga, kuma duk yadda aka yi mutumin nan uban yaran ne har abada, in aka yi ta tone-tone a gaban alƙali gobe yaran ne za su tashi su tarar da gaba tsakanin dangin uwa da na uba. A samu waliyyan da suka ɗaura auren da wani malami da yake jin nauyinsa su zauna, ya janye ƙararsa a dawo da yara, a biya masa kuɗin magani in ya kama. Kuma gaskiya Yayanku bai kyauta ba da ya je shi kaɗai cikin fushi, yanzu ga shi ya ba wa wanda ba shi da gaskiya abin riƙewa.

'Yar Auta:

Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Barista don Allah wata tambayar, wasu a gida suna cewa Yaya ya bar gari na ɗan lokaci har ƙura ta lafa, wasu kuma sun ce mu ma mu je mu kai ƙarar cewa ya sace yara a kama shi ya ji yadda ake ji. Wanne ya fi?

Barista_M:

Babu ko ɗaya ƙanwata. In ya gudu ya maida ƙaramin abu babba, za a iya samo takardar kama shi daga kotu, kuma ranar da aka kama shi lauyan da zai nema masa beli zai sha wuya don abin da alƙali yake dubawa kenan, shin in an sake shi zai dawo. Ya shirya ya je da ƙafarsa tare da lauya da mai tsaya masa, da safe kuma a farkon mako, kada ya je yammacin Juma'a ya zo ya kwana har Litinin. Sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ce mutum mara laifi ne har sai kotu ta tabbatar, kuma wanda ya kawo ƙara shi zai kawo hujja. In akwai maƙwabta da suka ga yadda faɗan ya fara ku riƙe sunayensu tun yanzu kafin a manta, in shi ma Yayan ya ji rauni ya je asibiti a rubuta.

Kai ƙarar sata kuwa kada ku fara, uba ne ba baƙo ba, kuma kai wa 'yan sanda bayanin da ka san ba haka yake ba shi kansa laifi ne da zai iya juyowa kanku. Maganar Baban Khalifa ta sulhu ina tare da shi, doka ma ta yarda a sasanta a ƙananan laifuka irin rauni mara tsanani, sai dai in ƙara masa abu ɗaya, duk abin da aka cimma a rubuta a kai gaban alƙali ya tabbatar da shi ya zama hukunci. Kuma kada a yarda a ce sai yayarki ta haƙura da yaranta sannan za a saki Baba, sakin Baba ba abin ciniki ba ne.

Uwar Biyu:

'Yar uwa ki gaya wa yayarki ta share hawaye ta tashi, ni na bi ta wannan hanyar kuma ban ɗauki lauya ba, da kaina na je kotun shari'a na sami rijistara na faɗi abin da ke tafe da ni aka rubuta aka aika masa sammaci. Ta tafi da takardar sakin, da takardun haihuwar yara, da katin rigakafin ƙaramin, in tana da saƙonnin da ya turo a waya ko na ƙanin da ya zo ɗaukarsu kada ta goge ko ɗaya ta ɗauki hotonsu ta tura wa wani ya ajiye. Ta nemi abu biyu a lokaci ɗaya, a dawo mata da yara kuma a yanka musu kuɗin ciyarwa, sannan tun zaman farko ta roƙi alƙali ya ba da umarnin a kawo yaran ko a miƙa mata su kafin a gama shari'a saboda ƙanƙantar namijin. In ta tsaya gaban alƙali kada ta biye wa zuciya ta hau zagi ko tona abin da ya wuce na zaman aure, abin da aka tambaye ta shi za ta amsa, ni ranar tawa hannuna har rawa yake amma da na ce yarona da ni yake kwana tun haihuwarsa kuma ga wadda ta ga ranar da aka ɗauke shi, sai alƙali ya juya ya tambayi baban dalilinsa. In an yanke hukunci ta karɓi kwafinsa a rubuce ta adana, domin in ya daina kawo kuɗin ciyarwa da wannan takardar za ta koma kotun a tilasta shi.